Amsoshin Tambayoyinku: Muryar Ango da Randunan Kana

Jama'a masu sauraro, salama a gare ku daga nan Kumasi. Wasiƙun wannan mako duk ƙamshin biki suke yi.

Wata 'yar'uwa daga Aboabo tana son sanin dalilin da ake kiran ikkilisiya, wato jama'ar masu bin Almasihu, amarya, alhali cikinta har da dattawa masu furfura.

'Yar'uwa, maganar ta girmi ikkilisiya, daga bakin annabawa ta fito. Ishaya 62:5 ya ce yadda ango yake murna da amaryarsa, haka Allah zai yi murna da jama'arsa. Amma ni Irmiya ne ya fi kama ni. Da zai sanar da hukuncin da ke tafe wa Urushalima, cewa ya yi za a daina jin muryar ango da ta amarya a titunan birnin. Wannan na sura 7. Ku ƙaddara a ce Zango ta shekara ba a ji guɗa ko sau ɗaya ba, babu kai amarya, babu mata masu anko sun tare hanya. Garin da ya kai haka ya mutu, ko da gidajensa na tsaye. Kuma abin ya tabbata, Babila ta ci birnin wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu.

To, sai ki buɗe sura 33. Irmiya na tsare a farfajiyar masu gadi, birni na gab da faɗuwa, a nan ne ya ce muryoyin nan za su dawo. A wurinsa, alamar Allah ya komo ga mutanensa ita ce a sake ɗaura aure a gari. Shi ya sa da Yahaya Mai Baftisma ya kira kansa abokin ango, angon kuwa Almasihu ne, masu jinsa sun gane inda ya dosa. Wahayin Yahaya 19 kuma ya kai zancen ƙarshe da bikin Ɗan Rago, wato Yesu, inda aka ce tufar amarya ayyukan adalci ne na tsarkaka. Saboda haka ki kwantar wa dattawan nan da hankali, ba wanda zai ɗaura musu ɗankwali. Jama'ar ce dungurungum amarya.

Sai wani matashi daga Asawase. Lefe, hayar runfa da kujeru da kuɗin girki sun fi ƙarfinsa. Yana tambaya: tun da Yesu da kansa ya ƙara abin sha a bikin Kana, laifi ne ya ci bashi don biki ya ƙayatar?

Ɗana, sake duba Yahaya sura 2. Biki a ƙasar Yahudawa yakan ɗauki mako guda, kamar na Yakubu da Lai'atu a Farawa 29, kuma ƙarewar ruwan inabi a tsakiyarsa abin kunya ne babba. Yesu ya sa aka cika randuna 6 na dutse da ruwa, kowacce tana cin lita 80 zuwa 120, ruwan kuwa ya zama ruwan inabi. Yawa kam akwai, ban musa maka ba. Amma uban biki bai ma san inda abin ya fito ba, ango ya kira ya yaba masa. Masu hidima ne suka sani. Rufin asiri aka yi wa gidan, ba a yi don a burge maƙwabta ba, kuma ba mu karanta an ranto ko sisi ba.

Ga ayar da ba a cika karantawa a ɗaurin aure ba: Maimaitawar Shari'a 24:5. Sabon ango ba ya zuwa yaƙi, ba a ɗora masa wani nauyi, zai shekara a gida yana faranta wa matarsa rai. Wanda mai bashi ke bugo wa waya tun kafin lalle ya goge, ta ina zai cika wannan? Ka ɗauki kawunka ku je wurin iyayen yarinyar, ka faɗa musu iya ƙarfinka tun yanzu.

Mama daga Tafo, tambayarki kan 'yan matan nan biyar na misalin Yesu a Matiyu 25 da suka hana 'yan'uwansu man fitila, ko rowa ce, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.