Greenwood: Auduga Ta Zauna, Masu Cirarta Sun Tafi

Jama'a masu saurare, yau za mu leƙa Greenwood, wani ɗan ƙaramin birni a jihar Misisifi ta kudancin Amurka, wanda a dā yake kiran kansa babban birnin audugar duniya.

Ruwa ne ya yi garin. A nan kogin Tallahatchie ya haɗu da Yalobusha suka haifi kogin Yazoo. Abin mamaki, idan ka tsaya a ɓangaren arewacin gari, kogi ɗaya a arewa da kai yana gudu gabas, ɗayan a kudu da kai yana komawa yamma. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, baƙar laka da ambaliya ta shekara dubbai tana jibgewa. Manomin fadama ya san irinta.

Ƙasar 'yan ƙabilar Choctaw ce, 'yan asalin Amurka tun kafin zuwan Turawa, har sai da wata yarjejeniya da gwamnatin Amurka ta 1830 ta tashe su zuwa yamma. Sarkinsu da ya sa hannu, Greenwood LeFlore, bai bi su ba. Ya zauna ya zama babban mai gandu, da bayinsa. Sunansa aka laƙaba wa garin a 1844. Bayi suka sare dajin, suka shuka, suka cire. Jiragen ruwa suka riƙa kwasar diloli zuwa Vicksburg, daga nan sai New Orleans, sai masaƙun Ingila.

An 'yanta bayi a 1865, amma gonar ba ta canza hannu ba. Sai aka koma noma-mu-raba: mai gona ya ba ka iri da abinci bashi, kaka ta yi, shi ke riƙe da sikeli, shi ke riƙe da littafin lissafi. Wa zai yi masa gardama? Kilomita kaɗan arewa da garin, a ƙauyen Money, aka sace Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14, aka kashe shi a 1955. A Greenwood ɗin nan kuma Stokely Carmichael, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, ya yi kiran "iko ga baƙar fata" a 1966.

A ganina, abin da ya fi girgiza garin inji ne. Tun daga shekarun 1940 injin cirar auduga ya fara shiga gonakin yankin, aikin mutum hamsin ya koma hannun direba ɗaya. Jama'a suka ɗaure kaya sai Chicago. Garin da ya haura mutum 22,000 a 1970, a ƙidayar 2020 bai kai 15,000 ba.

Har gobe ana noman. A watan Oktoba za ka ga manyan ƙunshi naɗe da leda ruwan ɗorawa jere a bakin gona, ba kowa kusa. Tallafin da gwamnati ke bai wa irin waɗannan gonaki ne ya sa Chadi da Mali da Benin da Burkina Faso suka kai kuka Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2003, cewa yana karya wa manomansu farashi.