Giya Ta Cije Mini, Amma Ashe Laifin Kuloci Ne

Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina gaishe ku daga nan Ingila. Kamar yadda kuke gani, ina zaune cikin mota, hannuna na hagu a kan sandar giya, domin a nan sitiyari yana ɓangaren dama. Yau kwana uku ke nan giya ta ɗaya da ta biyu suna yi mini gardama, ribas kuwa ba ta shiga sai da ƙarar gogar ƙarfe, wadda nake ji har cikin raina.

Da farko na ɗora laifin a kan giyabos, wato akwatin da haƙoran giya suke ciki, hankalina kuma ya tashi, sai na yi wani gwaji da nake so ku gani. Inji yana kashe, na taka kuloci, wato abin da ke raba inji da giyabos lokacin canja giya, kowace giya ta shiga salin-alin. Yanzu na tayar da inji, ga shi ta cije. Wannan alama ce cewa kulocin ba ya raba inji da giyabos gaba ɗaya, saboda haka haƙoran giya suna ci gaba da juyawa lokacin da ya kamata su saki jiki. A motoci da yawa kuloci da man birki yake aiki, wani lokacin ma daga mazubi ɗaya, kuma idan man ya ragu ko iska ta shiga bututun, sai abin takawar ya yi laushi. Da na buɗe bonet, na tarar man ya sauka ƙasa da alamarsa, abin da ya sa dole a duba birkin ma.

Zuwa wurin bakanike ba zan tilasta wa giya ba. Zan taka kuloci sau biyu ko uku kafin in saka ta, sannan in ɗaga ƙafa sannu a hankali har in ji muryar inji ta ɗan sauka, motar tana neman motsawa. A daidai wurin nan zan ƙara totur kaɗan. Idan danja ta tsayar da ni a kan tudu, zan ja hambirki in mayar da giya furi, domin riƙe mota da rabin kuloci shi ne ke cinye farantinsa, har mutum ya ji ƙauri, inji yana ƙugi amma gudu ba ya ƙaruwa.

Garejin bai fi mil 2 daga nan ba, kuma na zaɓi hanyar da ba ta da cunkoso. Bismillah, bari mu tashi.