Tattakin Kwana Arba'in: Daga Tsaunukan Shefil Zuwa Fadamar Rima

Assalamu alaikum, 'yan uwana na Sakkwato da duk masu kallo. Ku yi haƙuri da ƙarar iskar da ke shiga maganata, domin yau muna kan tsaunukan Peak District, yamma da birnin Shefil a Ingila, gandun da aka fara keɓewa a Birtaniya a 1951 domin jama'a su riƙa shiga suna shan iska. Mu 11 ne muka fito, yawancinmu Sakkwatawa, sai mutum biyu daga Kebbi da Zamfara.

Yau kwana 40 ke nan da Allah Ya yi wa mahaifina rasuwa. An kira ni bayan sallar asuba, kuma kafin in gama binciken tikiti an riga an yi masa sutura, an kai shi makwancinsa kafin azahar, kamar yadda aka saba a gida. Daga Landan zuwa Abuja tafiyar kusan awa 6 ce a jirgi, sannan a nemi wani jirgin zuwa Sakkwato, don haka ko da fiffike gare ni da ban riski jana'izar ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne zaman makoki. A ƙofar gidanmu da ke Mabera an shimfiɗa tabarmi kwana uku a ƙarƙashin dogonyaro, maƙwabta suna aiko da tuwo da fura, duk wanda ya zo sai ya zauna, a ɗaga hannu a yi addu'a, a shafa, wani ya tashi wani ya maye gurbinsa. Mai rashi a Sakkwato ba a barinsa shi kaɗai da zuciyarsa. Ni kuwa ina cikin ɗaki ɗaya, da waya a hannu, ana yi mini gaisuwa ta WhatsApp, idan na kashe wayar sai shiru ya rufe ni. Na kwashe kusan mako biyu ban san daɗin barci ba.

Wani dattijo mutumin Gwadabawa, wanda dukkanmu muke kira Kawu, shi ne ya ƙwanƙwasa mini ƙofa wata Asabar, ya ce da harshenmu na gida: "Ɗana, sai hanƙuri. Sa takalminka mu tahi." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Tun daga ranar, kowace Asabar muke fitowa, kuma a hankali waɗanda su ma suka yi rashi suna nesa da gida suka riƙa biyo mu.

Bari in juya kyamarar ku gani. Waɗannan katangun na duwatsu an jera su ne ba tare da siminti ba, kuma tumakin da kuke hangowa, masu gashi kamar an lulluɓa musu bargo, an shafa wa kowace fenti a baya domin mai ita ya gane ta. Da Baba ya gan su, na tabbata sai ya tambayi kuɗinsu, ya gwada su da balamin da yake turkewa saboda layya.

A wannan tafiya babu wanda ake tilasta wa magana. A kan tabarmar makoki ana fuskantar juna, dole mutum ya daure fuskarsa. A kan hanya kuwa kafaɗa da kafaɗa ake tafiya, ido yana kan turba, hawaye suna iya zuba babu mai kallonka. A nan ne na fara yin kuka sosai, a mako na uku, muna hawan wancan tudun. Kawu ya rage sauri har na cim masa, sannan ya tuna mini cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba za a faɗi komai ba sai abin da Ubangiji Ya yarda da shi.

Yanzu da sanyi ya shigo, agogon Najeriya yana gaban namu da awa ɗaya. A daidai wannan lokaci ƙanena da abokan Baba suna tafiya a ƙasa zuwa gonarsa ta albasa a fadamar Gulbin Rima, hanyar da ya bi fiye da shekara talatin. Ɗazu ya aiko mini da hoton gawon da ke bakin gonar, ya cika da ganye kore shar a tsakiyar rani, kamar yadda gawo yake yi idan sauran itatuwa sun kaɗe. A gindinsa Baba yake ajiye butarsa da buzun sallarsa, kuma ƙanena ya ce butar tana nan, babu wanda ya iya ɗauke ta.

Mun kusa isa inda za mu yi sallar azahar mu sha shayi. Ina roƙon duk wanda ya kalli wannan bidiyon ya sa mahaifina da sauran mamatanmu a addu'a. Kawu yana ɗaga mini hannu, bari in kashe kyamarar in same su.