Laccar Malam a Samaru: gane kifin anchobi da DNA

To jama'a, abu uku zan faɗa kafin a kira la'asar. Na baya kuna ji na? Madalla.

Na farko, anchobi ɗan ƙaramin kifi ne, yawanci na teku, kuma danginsa sun haura iri 140. Ku shiga kasuwar Sabon Gari ku kalli tiren busassun ƙananan kifi, wallahi duk fuska ɗaya za ku gani, to haka su ma suke, ko masani sai ya zauna yana ƙirga ƙaya, in kuma an niƙa an mai da shi gari ai magana ta ƙare.

Shi ne a 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya kawo shawarar a riƙa karanta guntun DNA guda ɗaya, wato sinadarin gado da ke jikin kowace halitta, ana ce masa COI, harufansa wajen 650. A yanki 'yar tsoka, a ciro DNA, a ninka shi da PCR, wato dabarar yin kwafinsa masu yawa a ɗakin gwaji, a karanta, sai a gwada da waɗanda ke ajiye a rumbun BOLD a intanet.

Amma ga inda abin ke min daɗi. COI ɗin nan a cikin mitokondiriya yake, wato ɗan sashen ƙwayar halitta mai samar mata da ƙarfi, ita kuma daga uwa ake gadonta. Daga uwa! Mu nan Zariya in za a ba da aure gidan uba ake fara bincike, shi kuwa ɗakin gwaji ba ruwansa da uba, wace ce uwarka kawai (dariya). Kuma kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da kwafi masu yawa nata, shi ya sa ko kifin ya sha rana ya bushe ƙayau akan samu abin karantawa. 'Yan iri ɗaya bambancinsu yawanci bai kai kashi 2 cikin 100 ba, in ka ga ya zarce sosai to ka fara zargin wani iri ne. Sai dai fa in iri biyu suka yi barbara, ɓangaren uwa kaɗai za ka gani, uban ya ɓace. Daga uwa, kar ku manta, zan iya kawo shi a jarrabawa.

Na uku... ko na biyu muke? Oho. Anchobin Peru dai yawancinsa garin kifi ake yi da shi na abincin dabbobi, kuma a 1972 kamun ya faɗi warwas.

Na'am Hajiya?

"Malam, ni kaji nake kiwo, garin kifin da nake saye za a iya gane min ko na gaske ne?"

Za a iya Hajiya, amma zafin da ake dafa shi yana kakkarya DNA, sai a nemi gajeren guntu, harufa 100 ko 200. Kuma gari cakuɗe ne, ba kifi ɗaya ba, dole a karanta su gaba ɗaya. Ki ɗebo daga sama da ƙasan buhu, cokali ɗaya-ɗaya ya isa.