Dalilin da yasa likita a Amurka ke ɗari-ɗari da jinyar ɗan ƙwaya

Jama'a assalamu alaikum. A Amurka har yau ɗinnan likita zai iya rubuta ma mai ciwon daji methadone, wani magani mai ƙarfi da ake kuma jinyar masu shan heroin da shi, saboda raɗaɗi ya je kemis ya karɓa ya wuce gida, amma in wanda heroin ta kama ne zaune gabanshi, maganin guda ne fa, doka bata yarda ya rubuta mishi ya je kemis ba. Sai dai ya nemi wani kilinik na musamman mai lasisin gwamnati, da sassafe ya shiga layi, a zuba mishi a ɗan kofi ya shanye nas na kallo.

Toh daga ina abun ya samo asali? Daga 1914 ne, da wata dokar haraji da ake kira Harrison. Dokar ta bar likita ya rubuta morphine in dai cikin aikinshi na likita ne, sai gashi a 1919 Kotun Ƙoli a shari'ar wani likita mai suna Webb ta ce ba ɗan ƙwaya magani don kawai kar jikinshi ya tashi, wannan ba jinya bace. Duk wanda ya taɓa ganin mai shan kodin ko tiramol ya rasa, ya san me ake nufi da jiki ya tashi, gumi, amai, gudawa, hanci na zuba, ƙasusuwa kamar ana sara, kuma dangin magani ɗaya ne da heroin ɗin. Aka dinga kama likitoci, aka rufe kilinik ɗin da birane suka buɗe, sauran likitocin kowa ya janye hannunshi, majinyata suka koma hannun dila. Wallahi abun nan yana min ciwo, don a Ingila kwamitin Rolleston tun 1926 ya ce jarabar ƙwaya cuta ce, a bar likita yayi aikinshi.

Sai wajen 1965 Vincent Dole da Marie Nyswander a New York suka nuna methadone sau ɗaya a rana yana kwantar da ƙishirwar heroin har mutum ya iya komawa bakin aiki. Gwamnati ta yarda amma ta ɗaure abun tam, dokar 1974 ta ce sai a wuraren da aka yi ma rijista ta daban.

A 2000 aka ɗan sassauta don wani maganin, buprenorphine, likita zai iya rubutawa a ofis ɗinshi amma sai yayi horon awa 8, ya samu izini na musamman, kuma majinyata 30 kacal da farko. Ku duba fa, maganin raɗaɗin da ke jawo matsalar ba'a ƙayyade mishi mutum nawa zai rubuta ma ba. Faransa kuwa tun 1996 kowane likita na rubuta buprenorphine, kuma mutuwa daga wuce kima wajen shan heroin ta ragu sosai cikin 'yan shekaru.

Sai a Disamban 2022 Biden ya sa hannu aka cire wancan izinin. Methadone kam yana nan a kilinik, illa dai dokar 2024 ta bar wanda ya nutsu a jinya ya tafi gida da na kwana 28, amma wanda ke ƙauye nesa da kilinik har yanzu sai yayi doguwar tafiya kafin ya fara.