Sharhi: A Duba Gonar Sanfulawa Kafin A Goya Famfo

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau a kan feshi ne, kuma abin da na gani da idona ne ya jawo shi.

Makon jiya, a kan hanyar Dadin Kowa, na tsaya a wata gonar sanfulawa da ta yi fure gwanin sha'awa. Hantsi bai gama dubawa ba, ga mai gona ya goya famfo, ba takunkumi ba safar hannu, yana tsuga wa kowane fure magani a fuska. Na duƙa na duba kwarin kunya, sai ga ƙudan zuma a zube, wasu na shure-shure, wasu sun riga sun sandare. Na ce, "Malam, wane ƙwaro ka gani?" Ya ce bai ga komai ba, ranar feshi ce ta zagayo, duk Asabar yake yi.

Bai ga komai ba, amma ya fesa! Wannan ce cutar da ke damunmu.

Sanfulawa ba gero ba ce, ba dawa ba. Wannan faifan da kuke gani ba fure ɗaya ba ne, ɗaruruwan ƙananan furanni ne, suna buɗewa daga gefe zuwa tsakiya cikin kamar mako guda ko ɗan fiye. Ƙudan zuma ne ke kwasar garin furen daga wannan kai zuwa wancan, sannan ƙwaya ta yi ciki, ta yi mai. Ka kashe su a wannan makon, ranar sussuka za ka tara fanko, ka ce iri ne ba kyau, ko taki ne jabu. Alhali kai ka kashe ma'aikatan da ba ka biyan su ko sisi.

Ban ce babu ƙwari ba. Akwai su. Babbar abokiyar gaba ita ce tsutsar nan da manoman auduga na Gombe suka daɗe da sani, wadda ke huda ƙwallon auduga, take ɓarnar tumatir da wake. Uwarta da dare take yawo, tana ɗiga ƙwai ɗai-ɗai a kan toho da bayan faifai. Tana ƙarama ake cin ta da yaƙi. In ta yi ƙiba ta shige cikin kai, ko durom ka juye mata sai dai ka yi asarar kuɗinka. To ta yaya za ka san ƙarama ce in ba ka duba ba?

Abin da malaman gona ke kira haɗakar dabaru ke nan, kuma ba wani boko ba ne mai wuya. Ka zaga gonarka sau biyu a mako, ka juya kawuna nan da can, ka leƙa ƙarƙashin ganye. In tsutsa ɗaya ce nan ɗaya can, hannu ya isa. Kada ka shuka sanfulawa inda ka cire auduga ko tumatir bara, domin tsutsar a ƙasa take kwanciya kafin ta fito da fiffike. Huɗa bayan girbi kan tone ta, rana da tsuntsaye su gama da ita. Ka bar rina da zanzaro da gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi su yi aikinsu, tsutsa da darɓa su ne abincinsu. Ga dogon yaro ko'ina, 'ya'yansa na zuba muna sharewa: a daka, a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. Sai duk wannan ya gaza, ɓarna ta fi ƙarfi, sannan a je ga maganin kanti, mai rajistar NAFDAC, a auna yadda aka rubuta a jikin kwalba, a fesa da la'asar sakaliya bayan zuma ta koma amya.

Na san abin da za a ce: rigakafi ya fi magani, kuma wa ke da lokacin ƙirga tsutsa? Haba jama'a! Zuba guba a kan ƙwaron da bai zo ba ba rigakafi ba ne. Wannan tsutsar ta yi suna a duniya wajen sabawa da magani. Yau murfi ɗaya, baɗi murfi uku, tana nan daram. Mai lokacin goya lita 16 a bayansa duk Asabar bai rasa rabin sa'ar dubawa ba.

Kuma mun taɓa ɗanɗana kuɗarmu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda ragowar sinadarin da muke kira fiya-fiya. Wake ma ke nan. Sanfulawa kuwa mai ake tatsa daga cikinta, ya shiga tukunyar miya, tunkuzarta ta tafi wa kaji da shanu.

Ko malaman gonarmu sun isa su kai wa kowane ƙauye wannan saƙo, ina da shakka, don sun yi kaɗan ƙwarai. Amma hukumomin raya aikin gona na Gombe da Bauchi, da Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya da ke nan Dadin Kowa, ga aiki a ƙofar gidanku. Ku fara da masu shagunan magani, domin su manomi ke tambaya, kuma su ne ke ce masa ya ƙara murfi.

Shi kuwa mai gonar sanfulawar nan, kafin in tafi mun juya kawuna ashirin tare da shi. Tsutsa biyu muka samu, ya murƙushe su da ɗan yatsa.