Makullin saƙonka a hannun wa yake?

To jama'a, mu ɗora daga inda muka tsaya kafin La'asar. Na ce muku tun watan Afrilun 2016 WhatsApp ya ɗauki tsarin Signal, wata manhajar hira irinsa, ya kulle saƙonni: saƙo zai bar wayarka a kulle, ba zai buɗu ba sai a wayar wanda ka aika wa. Kamfanin da kansa ba shi da makullin. Wannan kowa ya sha ji.

A da waya ɗaya ce, makulli ɗaya. Kwamfuta leƙe kawai take yi ta cikin wayar, caji ya ƙare ita ma ta tsaya. Daga 2021 abin ya canza. Kowace na'ura ka haɗa, har guda huɗu ban da babbar wayarka, tana da nata makullin. Idan Hajiya ta turo maka saƙo, wayarta za ta kulle wa kowace na'urarka nata kwafin daban.

To ta yaya wayar Hajiya ta san kwamfutar nan taka ce? Babbar wayarka ce ta tsaya mata, kamar yadda mai unguwa ke tsaya wa baƙo ya ce na san shi. Yaushe ta tsaya mata? Lokacin da ka haska lambar QR ɗin nan da kwamfutar ke nunawa don ka haɗa ta da wayarka. Ku riƙe wannan da kyau, nan ne gizo ke saƙa.

A watan Fabrairun 2025 masu binciken tsaro na Google suka bayyana yadda wasu masu kutse da ke da alaƙa da Rasha suka riƙa tura wa sojojin Ukraine lambobin QR a Signal, da sunan gayyatar shiga guruf. Soja ya haska, ashe na'urar maƙiyi ya haɗa da asusunsa. Ba a fasa kwado ba, mai ɗaki ne ya yanka wa ɓarawo makulli. Daga nan duk saƙon da ya shigo, su biyu ke karantawa.

Kada ku ce ai can ne. Wayar da ka miƙa a buɗe wurin gyara, ko kwamfutar shago da ka shiga ka manta ba ka fita ba, duk hanya ɗaya ce.

Akwai lambobi 60 a WhatsApp da kai da abokin hirarka za ku kwatanta don ku tabbatar ba wanda ya shiga tsakaninku, kuma yanzu sun ƙunshi duk na'urorinku. Wa ya taɓa yi a nan? Hannu biyu kacal! Ban ga laifinku ba, ni ma sai da dalili nake yi. Shi ya sa a 2023 WhatsApp ya fito da rajistar makullai da waya ke dubawa da kanta. Amma rajista ba ta san ko da saninka ka haɗa na'ura ko yaudararka aka yi ba.

Don haka kowa ya ciro wayarsa yanzu, ku buɗe jerin na'urorin da aka haɗa. Wadda ba ku gane ba, ku fitar da ita. Malam na baya can, na ga ka zaro ido, guda nawa ka gani?